Gam ɗin haɗa ƙananan samfuran roba

Gam ɗin haɗa ƙananan samfuran roba suna ne da ya ƙunshi sinadarai iri-iri da ake amfani da su wajen haɗa sassan ƙananan jiragen sama, jiragen ruwa, motoci, tankokin yaƙi da mutum-mutumi na roba, waɗanda ake sayarwa a wargaje cikin kwali domin mai saye ya harhaɗa da hannunsa. Mafi yawan waɗannan sassa da robar folistirin ake yin su. Gam ɗin da aka fi sani a wannan fanni narkar da fuskar robar yake yi, har sassan biyu su cakuɗe su zama abu guda, don haka aikinsa ya fi kama da walda fiye da liƙin takarda da ƙaro. Sauran nau'o'in, wato sufa gulu, efoksi da farin gam, shiga suke yi tsakanin sassa biyu su daskare su riƙe su.

Babu gam guda da ke yin kowane aiki. Irin kayan da za a haɗa shi ke tantance gam ɗin da za a ɗauka: folistirin ne, ƙarfe ne, ko sashe ne mai haske irin na taga. Kuskure wajen zaɓi yakan jawo ɓarnar da ba ta gyaruwa, domin robar da ta narke ba ta komawa siffarta ta farko.

## Suna da ma'ana

Kalmar *gam* aro ce daga Ingilishi, kuma a Hausar yau ta mamaye kusan duk abin liƙi da ake saya a kanti, yayin da *ƙaro* ya tsaya ga wanda ake samu a jikin itace. Ita ma *roba* aro ce, tana kuma ɗauke da ma'ana biyu: mai talewa irin ta taya, da mai tauri irin ta bokiti da kujera, wadda wasu ke kira filastik. Ma'ana ta biyu ake nufi a wannan maƙala. Faɗin ma'anar yana da tasiri a aikace, domin abubuwan da ake kira roba da suna ɗaya sun sha bamban a sinadari, kuma gam ɗin da ya kama wata ba lallai ya kama wata ba.

A jikin kwalabe akan ga an rubuta kalmar Ingilishi *cement*. Ba simintin gini take nufi ba. Suna ne da masu sana'ar suka saba kiran gam mai narkar da roba da shi.

Kowane samfuri yana da sikelinsa. Sikeli 1:72 yana nufin santimita 1 a jikin samfuri daidai take da santimita 72 a jikin abu na gaske. Jirgin yaƙin Birtaniya Spitfire, wanda faɗin fukafukansa ya ɗan haura mita 11, yakan dawo kimanin santimita 15 da rabi a wannan sikeli. Jiragen sama an fi yin su a 1:72, 1:48 da 1:32, tankoki a 1:35, motoci a 1:24 da 1:25, jiragen ruwa kuma a 1:350 da 1:700. Ƙanƙantar ce ta sa tsabtar aikin gam ke da muhimmanci: ɗigo mai faɗin milimita 2 a kan samfurin 1:72 tamkar tabo ne mai faɗin santimita 14 a jikin jirgi na gaske.

## Tarihi

Kafin zuwan roba, da katako mara nauyi na balsa da takarda ake yin samfura, ana haɗa su da gam na nitiroselulos da aka narkar cikin asiton. Kamfanin Testors, wanda Nils Testor ya kafa a garin Rockford na jihar Illinois ta Amurka a 1929, da gam ɗin gyaran takalma ya fara kafin ya shiga yin na samfura a shekarun 1930.

A 1936 aka fara sayar da jerin FROG Penguin a Birtaniya, wanda ake lissafa shi a matsayin farkon jiragen sama na roba da mai saye ke haɗawa da kansa. Sikelinsu 1:72 ne, kuma da selulos asetet aka yi su, robar da ke lanƙwashewa idan ta daɗe.

Ita folistirin, wani mai haɗa magunguna a Berlin mai suna Eduard Simon ne ya fara ganin ta a 1839, lokacin da wani mai da ya tato daga ƙaron itace ya yi kauri da kansa bayan 'yan kwanaki. Kamfanin IG Farben na Jamus ya fara ƙera ta da yawa a farkon shekarun 1930. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta yi araha, kuma ga ta da sauƙin zubawa cikin mazubi, sai kamfanoni suka koma kanta: Airfix, wanda Nicholas Kove ya kafa a Landan a 1939, Revell da Monogram a Amurka, sai Tamiya na birnin Shizuoka a Japan, wanda ya fara a 1946 a matsayin kamfanin katako, ya shiga harkar roba a 1960.

A shekarun 1950 da 1960 gam mai kauri na cikin bututu ne ya mamaye kasuwa, kuma yawancinsa yana ɗauke da sinadarin toluwin. A wannan zamanin ne shaƙar gam domin maye ta zama abin damuwa a tsakanin matasan Amurka, har jihohi da dama suka kafa dokoki a kai. A ƙarshen shekarun 1960 Testors ya fara zuba man mastad a gam ɗinsa domin ya yi wa mai shaƙa yaji a hanci. Birtaniya ta yi doka a 1985 da ta hana sayar da irin waɗannan sinadarai ga wanda bai kai shekara 18 ba idan ana zargin shaƙa zai yi.

Sufa gulu kuwa, Harry Coover da abokan aikinsa ne suka ci karo da shi a 1942 suna neman roba mai haske ta yin saitin bindiga, suka watsar da shi saboda yana manne wa komai. A 1951 Coover da Fred Joyner suka sake gano shi a kamfanin Eastman Kodak, aka fitar da shi kasuwa a 1958 da sunan Eastman 910. Efoksi ya samo asali daga binciken Paul Schlack a Jamus da Pierre Castan a Suwizalan a shekarun 1930, kuma kamfanin Ciba ya fito da Araldite a tsakiyar shekarun 1940. Waɗannan biyun sun zama dole ga masu haɗa samfura tun daga shekarun 1980, lokacin da ƙarin sassa na resin da siraran tagulla suka yawaita.

A gefe guda kuma, kamfanin Bandai na Japan ya fara sayar da samfuran Gundam, da ake kira Gunpla, a 1980. Na farkon suna buƙatar gam, amma daga ƙarshen shekarun 1980 kamfanin ya koma ga sassan da ke shiga juna su kulle ba tare da shi ba.

## Yadda gam mai narkarwa yake aiki

Folistirin ita ce robar da ake yin gidan faifan CD da cokulan roba na amfani sau ɗaya da ita, kuma lambarta a alamar sake sarrafa roba ita ce 6. Farin soson da ake kare talabijin da shi a cikin kwali ma ita ce, an dai hura mata iska. Duk wanda ya taɓa ganin yadda wannan soso ke narkewa idan fetur ya taɓa shi ya ga tushen aikin wannan gam.

A cikin robar akwai dogayen sarƙoƙi na ƙwayoyin sinadari da suka harɗe da juna kamar zaren da ya cukurkuɗe. Idan sinadari mai narkarwa ya taɓa fuskarta, sai ya kutsa tsakanin sarƙoƙin ya sassauta su. Da an danna fuskoki biyu masu laushi, sarƙoƙin wannan gefe sai su shiga cikin na wancan. Daga nan sinadarin ya bi iska ya tafi, a bar roba zalla a wurin. Mahaɗar da aka yi da kyau ƙarfinta yakan kusa kai na sauran jikin robar, ta yadda idan aka yi ƙoƙarin raba ta sau da yawa gefenta ne ke karyewa.

Abubuwa uku ne ke biyo bayan wannan. Na farko, dole roba ta taɓa roba, don haka fenti, maiƙo ko rufin azurfa suna hana kamu. Na biyu, gam ɗin ba ya cike gurbi, sai sassan sun zauna daidai da juna. Na uku, yawan gam ba ya ƙara ƙarfi, sai dai ya ƙara yawan robar da ta narke.

Saurin bushewa ya danganta da zafin da sinadarin yake tafasa a kai. A ma'aunin Selsiyos, daikuloromitan yana tafasa a kusan digiri 40, asiton a 56, MEK a kusan 80, toluwin a 111, butil asetet a 126, limonin kuma a kusan 176. Mai tafasa da wuri yana kamawa nan take amma ba ya ba da damar gyara zama. Mai jinkiri yana ba da lokaci amma mahaɗar kan daɗe da laushi. Shi ya sa kamfanoni ke gauraya biyu ko fiye.

## Nau'o'i

### Mai kauri na cikin bututu

Wannan shi ne mafi tsufa, ana matso shi kamar man goge baki. Sinadari mai narkarwa ne da aka zuba wa folistirin a ciki domin ya yi kauri. Misalansa su ne na Testors da Humbrol Poly Cement, wanda ake sakawa a kwalayen Airfix na masu koyo. Yana jinkirin bushewa kuma yana ɗan cike ƙananan gurabe, amma yana jan zare, yana da wuyar aunawa, kuma yakan bulbulo daga mahaɗa ya ɓata fuskar samfuri. Masu ƙwarewa ba sa matsa shi kai tsaye. Sukan ɗiga shi a kan takarda su riƙa ɗiba da tsinken sakace.

### Mai ruwa-ruwa

Kaurinsa matsakaici ne, yana zuwa a kwalba mai buroshi a murfi, kamar Tamiya Cement, ko a gora mai siririyar allurar ƙarfe, kamar Revell Contacta Professional. Ana shafa shi a gefen sashe kafin a haɗa. Ya dace da manyan fuskoki irin saman fiffike da ƙasansa. Allurar takan toshe, kuma da siririyar waya ake buɗe ta.

### Tsinkakke

Wannan kusan sinadari mai narkarwa ne zalla, ya fi ruwa tsinkewa. Wanda aka fi sani shi ne Tamiya Extra Thin Cement mai koren murfi, wanda asiton ne da butil asetet kusan rabi da rabi, sai Mr. Cement S na kamfanin GSI Creos. Hanyar amfani da shi akasin ta sauran ce: sai an haɗa sassan a bushe, sannan a taɓa bakin buroshi a kan mahaɗar. Gam ɗin zai bi siririyar kafar da ke tsakaninsu da kansa, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Idan ya ɗiga a inda ba a so, muddin ba a taɓa wurin ba, yakan bushe ya bar ɗan dusashewa kawai. Haɗarinsa shi ne yana bin duk kafar da ya samu, har da ƙarƙashin yatsa da ƙarƙashin salatif.

### Na ɓawon lemo

Da limonin ake yin sa, man da ake tatsa daga ɓawon lemo. Warinsa ba shi da ƙarfi, don haka masu aiki a ɗaki ƙarami suna son sa. Yana jinkirin bushewa sosai, kuma duk da ƙamshinsa yana kama wuta kuma yana iya sa ƙaiƙayin fata.

### Sufa gulu

Sunansa na kimiyya sayano'akirilet. Ba bushewa yake yi ba; ɗan danshin da ke kan fuskar abu da cikin iska ne ke sa ƙwayoyinsa su sarƙe su daskare cikin daƙiƙoƙi. Yana kama ƙarfe, resin, katako da roba, kuma shi ake amfani da shi idan kayan biyu ba iri ɗaya ba ne. Akwai tsinkakke mai bin kafa, da matsakaici, da mai kauri wanda ke ba da lokacin gyara zama kuma yana cike gurbi. Akwai kuma ruwan da ake fesawa ko ɗigawa domin ya daskarar da shi nan take.

Yana da ƙarfi idan aka ja sassan a miƙe, amma yana da gautsi: bugu daga gefe ko faɗuwa kan ɓalle shi. Tururinsa yakan sauka a kan abin da ke kusa ya bar farin hazo, musamman a sassa masu haske da inda yatsa ya taɓa. Bayan yini guda yakan fi folistirin tauri, don haka wanda ya cike gurbi da shi yakan goge wurin da samfefa da zarar ya daskare. Idan aka jinkirta, samfefar za ta ci robar da ke kewaye ta bar gam ɗin a tsaye.

### Efoksi

Yana zuwa a bututu biyu, ɗaya resin ɗaya mai daskararwa, akasari ana gauraya su daidai wa daida. Akwai na minti 5 da na minti 30, amma cikakken ƙarfinsa sai bayan kimanin awa 24. Ba ya narkar da roba, ba ya sa hazo, ba ya tsukewa sosai, kuma ya fi sufa gulu jure bugu. Ana amfani da shi ga sassa masu nauyi ko masu ɗaukar kaya, kamar manyan sassan resin da ƙafafun jirgi na ƙarfe. Idan ba a auna daidai ba ko ba a gauraya sosai ba, yakan zauna da danƙo har abada.

### Farin gam

Shi ne gam ɗin kafintoci da 'yan makaranta, wanda ake kira PVA. Fritz Klatte ne ya gano sinadarinsa a Jamus a 1912. Ruwa ne tushensa, fari ne idan yana ɗanye, yana washewa idan ya bushe. Ba ya kama roba da ƙarfi, amma ba ya cutar da ita, kuma ana goge rarar da auduga mai laima. Saboda haka shi aka fi amfani da shi wajen manna tagogi da murfin mazaunin matuƙi. Wani nau'insa mai kauri, kamar Micro Kristal Klear, ana iya shimfiɗa shi a ƙaramin rami ya bushe ya zama taga. Idan aka tsinka shi da ruwa kuma, yana riƙe yashi da ciyawar ado a dandamalin da ake ɗora samfuri.

## Zaɓi bisa ga kayan da za a haɗa

* Folistirin da folistirin: gam mai narkarwa. Tsinkakke ga dogayen mahaɗai da ƙananan sassa, mai ruwa-ruwa ga manyan fuskoki.
* Sassa masu haske: farin gam, gam ɗin gilashin agogo, ko resin mai daskarewa da hasken UV. Waɗannan sassa folistirin ce zalla, ba a gauraya ta da roba mai talewa kamar masu launi ba, don haka suna da saurin tsagewa, kuma duk tabon da ya same su a fili yake.
* ABS: robar da ake yin tubalan Lego da ita, ana kuma samun ta a gaɓoɓin wasu Gunpla. Tana buƙatar gam da aka yi dominta ko mai ɗauke da MEK.
* Resin: akasari foliyuritan ne, wanda ba ya narkewa bayan ya daskare. Sai sufa gulu ko efoksi, bayan an wanke shi da ruwan sabulu domin cire maiƙon mazubi.
* Siraran tagulla da farin ƙarfe: sufa gulu ga ƙanana, efoksi ga manya.
* Folitilin da folifurofilin: irin robar leda da ta bokiti. Da folitilin ake yin ƙananan sojojin roba masu laushi da zobban da ke riƙe tayoyi. Gam mai narkarwa ba ya taɓa su, sufa gulu ma ba ya kama su sai an fara shafa musu sinadari na musamman.
* Sarƙar tanka mai laushi: tsofaffin nau'o'in ba sa kamuwa da gam, akan narkar da 'yan ƙusoshin da ke bakinsu da kan sukudireba mai zafi, ko a ɗinke su da zare. Wasu sababbin an yi su ne da robar da gam mai narkarwa ke kamawa, kuma takardar umarni takan faɗa.
* Sassa masu rufin azurfa ko fenti: a kankare wurin mahaɗar da wuƙa har roba ta bayyana.

Idan ba a san irin robar ba, akan ɗiga gam a kan firam ɗin da sassan ke maƙale a jikinsa. Idan wurin ya yi laushi ya yi danƙo, gam ɗin zai yi aiki.

Akwai gam ɗin da ake samu a ko'ina amma ba su dace ba. Na masu gyaran takalma, irin Evo-Stik, yana cin folistirin kuma yana zama da talewa. Na haɗa bututun ruwa ya yi ƙarfi da kauri. Na kyandir da ake narkarwa da bindigar lantarki yana yin tudu, zafinsa kuma yana lanƙwasa siraran sassa. Ruwan goge fentin farce yakan ƙunshi ruwa da mai, don haka mahaɗarsa ba ta da ƙarfi.

## Yadda ake amfani da shi

Ana fara yanke sashe daga firam da ƙaramin almakashi ko wuƙa, a goge ragowar da samfefa. Sannan a gwada zaman sassan ba tare da gam ba, domin duk gurbin da aka gani a wannan mataki gam ba zai rufe shi ba. Idan 'yan ƙusoshin da ke saita sassan suna hana su zama daidai, akan yanke su.

Wajen haɗa ɓangarori biyu na gangar jirgi, akan riƙe su tare, a sa tsinkakken gam a tsawon santimita biyu ko uku, a jira 'yan daƙiƙoƙi, a matsa, sannan a ci gaba. Idan aka matsa daidai, siririn layin narkakkiyar roba zai bulbulo. Ba a goge shi yana ɗanye. Idan ya bushe sai a kankare shi a goge, layin mahaɗar ya ɓace ba tare da an cike komai ba. Ana riƙe sassan da maƙalan shanya ko robar ɗaure kuɗi, amma a nesa da inda gam yake gudu.

Mahaɗa takan kama cikin mintuna, sai dai sinadarin da ke can ciki yana ɗaukar lokaci kafin ya fita. Masu haɗa samfura sukan jira aƙalla awa 24 kafin gugar samfefa. Idan aka yi gaggawa, robar za ta ci gaba da tsukewa a ƙarƙashin fenti, bayan kwanaki ko makonni layin ya sake bayyana. A gasannin ƙungiyar masu haɗa samfuran roba ta duniya, IPMS, wadda aka kafa a Birtaniya a 1963, layin mahaɗa da tabon gam suna cikin abubuwan da alƙalai ke fara dubawa.

Sufa gulu ba a ɗiga shi daga kwalba zuwa samfuri. Akan zuba ɗigo a kan murfin kwalba ko leda, a riƙa ɗauka da tsinke ko waya. Siririn shafi ya fi kauri saurin kamawa da ƙarfi. Ga sassan da za su ɗauki nauyi, akan huda ɓangarorin biyu a zura guntuwar waya a tsakani.

Wasu sukan yanka ragowar firam su zuba a kwalbar tsinkakken gam da ta kusa ƙarewa. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai ta zama kunun roba da ake cike gurbi da shi, wanda idan ya bushe taurinsa ɗaya da na samfurin.

## Kurakurai da gyaransu

Shatin yatsa. Yana faruwa idan gam ya bi ƙarƙashin yatsan da ke riƙe da sashe. Ana barin wurin ya bushe sarai, sannan a goge da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi.

Lotsawa. Idan aka zuba gam mai narkarwa da yawa a wuri rufaffe, sinadarin ba shi da hanyar fita, sai ya ci gaba da cin robar daga ciki. An fi ganin haka idan aka manna ƙarfen nauyi a hancin jirgi domin kada ya zauna a kan wutsiya. Efoksi ne ya dace da wannan aiki.

Hazo a sashe mai haske. Wasu sukan tsoma sashen a ruwan akirilik mai sheƙi, irin na goge daɓe, su bar shi ya bushe kafin sufa gulu ya kusance shi. Idan hazon ya riga ya sauka, goge shi da man sheƙi na roba yakan rage shi.

Sashe a karkace. Idan gam mai narkarwa ne kuma bai daɗe ba, ƙarin ɗigon tsinkakke yakan sassauta mahaɗar a gyara. Idan ya bushe, sai yanka da siririn zarto. Sufa gulu yana da ruwan warware shi, amma yawancin irin wannan ruwa, da asiton, suna cin folistirin da fenti.

## Yanayi da ajiya

Zafi yana hanzarta tashin sinadarai masu narkarwa. A wuraren da zafin bazara ke kai digiri 40, tsinkakken gam yakan bushe a kan buroshi kafin ya isa mahaɗa, kwalbar da aka bari a buɗe kuma takan ragu da sauri. Sufa gulu ya dogara ne da danshi: a busasshiyar iska irin ta hunturu yana jinkirin kamawa, da damina kuma yana saurin kamawa, yana kuma saurin daskarewa a cikin kwalbarsa. Wanda ba a buɗe ba yakan daɗe idan aka ajiye shi a firji, amma sai an bar shi ya huce sanyi kafin a buɗe, don kada raɓa ta shiga. Wanda aka buɗe akan ajiye shi a tsaye cikin gwangwani mai murfi.

Da yake yawancin gam mai narkarwa yana kama wuta, kamfanonin aika kaya ta jirgin sama suna taƙaita ɗaukarsa. Mai sayen samfuri daga wata ƙasa yakan samu kwalin ya iso, amma gam ɗin sai ya nema daban.

## Lafiya da kariya

Tururin asiton, MEK, toluwin da butil asetet ya fi iska nauyi, yana taruwa a ƙasa, kuma yana kama wuta daga nesa. Ba a aiki da su kusa da kyandir, risho, sigari ko maganin sauro na kunnawa. Shaƙarsu a ɗaki rufaffe tana kawo ciwon kai da jiri, don haka ana buɗe taga a kuma rufe kwalba bayan kowace ɗiba. Shaƙar toluwin da gangan tana lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma shaƙar irin waɗannan sinadarai tana iya tsayar da zuciya farat ɗaya. Matsala ɗaya ce da ta sholisho, gam ɗin facin taya da wasu ke shaƙa a arewacin Najeriya.

Daikuloromitan, wanda ke cikin wasu gam masu saurin kamu, jiki yana mayar da shi iskar kabon monoksaid, kuma hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa cutar. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta hana yawancin amfani da shi a 2024.

Sufa gulu yana manne fata cikin daƙiƙoƙi. Idan yatsu suka manne, ba a fizge su. Ana jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulu ana murzawa a hankali. Idan ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa a tafi asibiti, kada a yi ƙoƙarin buɗe fatar idon da ƙarfi. Idan ya zuba da yawa a kan auduga ko ulu yana yin zafin da zai iya ƙona fata, don haka ba a goge shi da tsumman auduga. Efoksi ɗanye yana iya sa fata ta daina jure shi bayan yawan taɓawa, shi ya sa ake sa safar hannu. Ƙurar resin kuma ba ta da kyau ga huhu, akan jiƙa samfefa da ruwa kafin a goge shi.

Ga yara ƙanana, samfuran da sassansu ke kullewa ba tare da gam ba su ne suka fi dacewa. Dukkan nau'o'in gam ana ajiye su inda hannun yaro ba zai kai ba.

## Duba kuma

* Folistirin
* Efoksi
* Ƙaro
* Airfix
* Tamiya